Rubuta tsarin bincike: abin da likitoci masu neman ƙwarewa suka tattauna

Ga abin da na tsinta:

1. An yi ittifaƙi: ka zaɓi tambayar bincike ɗaya tak, wadda majinyatan da kake gani kullum a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala za su ishe ka amsa ta.
2. Ka zauna da masanin ƙididdiga tun farko ku fitar da adadin mutanen da za ka ɗauka.
3. Kada ka fara sai kwamitin ɗa'a, mai tantance bincike don kare majinyata, ya amince. Takardar neman yarda a yi ta da Hausa. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaida, ya dangwala yatsa.

Inda aka rabu: wasu sun ce tattara bayanai daga tsofaffin fayilolin majinyata ya fi sauƙi da arha, wasu suka ce bayanansu kan zo da giɓi. Ni dai ina bayan na biyun.