Waɗanda ruwa ya taɓa ci wa gida, ku ba mu labari kafin na wannan makon ya sauko

Baban Khalifa, Kano

Assalamu alaikum. Marka ta kama, kuma hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet da ake karantawa a rediyo kwanakin nan bai wuce magana ɗaya ba: ruwa mai ƙarfi da tsawa da iska a jihohin arewa, masu zama a kwari su kula. Amma sanarwa ba za ta gaya maka me za ka fara ɗauka ba, ko a wane lokaci za ka fitar da iyali. Wannan sai wanda ya gani da idonsa. Mu nan Kano an cike kududdufai an yi gini a kai, ruwa ya rasa wurin zama, shi ya sa a 2022 har Kantin Kwari ya shiga ya jiƙa atamfofin mutane. Layinmu ma kwalbati ya toshe da leda. Don Allah wanda abin ya taɓa samu ya faɗa mana yadda ya zo masa.

Maman Hanifa, Maiduguri

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Ni a Gwange nake, kuma daren 10 ga Satumba 2024 ba zai fita daga raina ba. Tun kafin ranar kogin Ngadda yake ƙaruwa, samari har zuwa bakin gada suke yi kallo suna ɗaukar hoto. Surukata ce kawai hankalinta ya tashi, domin ta ga ambaliyar 1994, ita ma daga madatsar Alau ta zo. Tana ta cewa mu ɗaure kaya.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, mu ba ta ƙofa ruwan ya fara shigo mana ba. Ta rariyar tsakar gida ya ɓullo, inda ruwan wanke-wanke yake fita, baƙi ƙirin da wari. Kafin maigida ya gama tashin yara ya kai ƙwauri, kafin mu kai bakin titi ya kai ƙugu. Jaririyata a baho na saka ta na ɗora a kai. Surukata kuwa maƙwabta ne suka goya ta, Allah ya saka musu da alheri. Ruwan da ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, har ya fito da dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, ina ga gidan talaka?

Bayan mun tsira sai wata wahalar ta taso. Takardun makarantar yara da na fili duk sun zama kunu, wayoyi ba caji, 'yan'uwa a Kaduna suna ta kira ba sa samunmu. Maganin hawan jinin tsohuwa ma a ɗaki ya tsaya. Yanzu ina da jaka guda rataye a ƙusa kusa da ƙofa: takardu cikin leda biyu a ɗaure, magani, tocila, 'yan kuɗi. Da damina ba ta sauka daga wurin. Kuma in ruwa ya janye kada a sha na rijiya sai an tafasa, domin ya gauraya da na masai.

Magini daga Zariya

Hajiya sannu, Allah ya kiyaye na gaba. Ni ta ɓangaren sana'ata zan yi magana. A gidajen ƙasa ba sai kogi ya zo ba, marka kaɗai tana kashe mutane. Ruwan da zai kwana yana zuba a hankali ya fi na awa guda mai ƙarfi cin gini, domin katanga tana sha ne tana yin nauyi. Na taɓa zuwa tono wani ɗaki da ya rufta wa uwa da 'ya'yanta da asuba. An ciro su da rai, amma tun ranar ba na ganin soro ya jiƙe in yi shiru. Ku zagaya gida yau ɗin nan. In gindin katanga ya yi duhu yana marmashewa a hannu, ko tsaga ta fito a kusurwa, ko azara ta fara ɗiga, kada a kwana a ɗakin. A share indararo, a cire ciyawar da ta tsiro a kan soro. Yaɓe kuwa aikin bazara ne, yanzu sai dai tokara da leda.

Ɗan Harobanda, Yamai

Gaskiya ne Baba magini, a nan Nijar ma yawancin rasuwar damina rushewar gidaje ke kawo ta. A 2024 har tsohon masallacin Damagaram ruwa ya kayar. Mu a Yamai launin kogin Isa, wato kogin Neja, muke dubawa. In ya koma ja, to ruwan Sirba da sauran rafukan da ke gangarowa daga Burkina ne ya iso, kuma shi ne mai tashi da sauri. A Satumba 2020 kogin ya kai wajen mita 7, jinga ta ɓalle, unguwannin Lamorde da Kirkisoy suka nutse. Mun yi zaman makaranta, iyali da yawa a aji ɗaya, sauro kuwa sai wanda ya gani. A ƙara gidan sauro cikin jakar nan ta Hajiya.

Inna Asabe, Funtuwa

'Ya'yana kada ku manta da tsawa. Ƙanen mijina yana dawowa daga gona hadari ya taso daga gabas, ya fake ƙarƙashin ɗorawa shi da shanun huɗarsa. Aradu ta faɗo kan bishiyar, sa ɗaya ya mutu nan take, shi kuma har yau kunnensa na hagu ba ya ji. Ku hana yara kiwo da wanka a rafi in an fara walƙiya, kuma kada a fake gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili.

Manomin Auyo

Allah ya ƙara masa lafiya Inna. Mu namu ruwan ko sama ba ta zubo a garinmu ba yana zuwa. In madatsun Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa, duk kogin Haɗeja yake biyowa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya fantsama cikin fadama. A 2022 shinkafata tana gab da fitar da kai ta nutse, a kwale-kwale na je na ga inda gonar take. Garin kuma buhunan yashi ne suka tsare shi. Dare da rana matasa suna kan jinga da fitilu, ana ɗura buhu ana jerawa, inda ya fara tsattsafo a yi kururuwa kowa ya taho, mata suna aiko da abinci. Bana tun kafin marka muka haɗa kuɗin buhuna, mun kuma kwashe hatsin rumbu zuwa gidan 'yan'uwa a kan tudu.

Roƙona ga 'yan'uwa na Wudil da Ringim: ku riƙa leƙa kogi safe da yamma cikin makon nan. In kun ga ya haura inda ya saba tsayawa, ku rubuto a nan ko da tsakar dare ne, domin ruwan da ya wuce ta gabanku mu yake nufa, kuma kwanakin da yake yi a hanya su ne muke ƙara jinga a ciki.