Wa ke biyan fanshon wa? Abin da muke gani a fayilolin 'yan ritaya a Zariya

Ɗan Gyallesu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu ta bayan isha'i. Samari na cewa kuɗin fansho da garatuti ne suka cinye kasafi har gwamnati ta kasa ɗaukar sabbin ma'aikata, don haka a rage. Dattawa na cewa abin da ake ba su ko maganin hawan jini ba ya saya. Waɗanda fayilolin ke bi ta hannunsu su taimaka mana da abin da suke gani.

Malam na Kongo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ragewar da suke nema ai an yi ta tuni, kuma a kan matasan ta faɗa. A tsohon tsari, wanda ya cika shekara 35 yana aiki yana tafiya da garatuti ninki uku na albashinsa na shekara, sannan fansho kashi 80 cikin ɗari na albashin ƙarshe har ya koma ga Allah. Duk daga baitulmali. Dokar 2004 ta zamanin Obasanjo ta rufe wannan ƙofa ga ma'aikatan tarayya, ta kawo tsarin karo-karo ƙarƙashin hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom: kowa da asusunsa a kamfanin fansho. An fara da kashi 7.5 daga ma'aikaci, 7.5 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Dokar 2014 ta mayar da shi 8 da 10. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2016, aka fara aiki da ita a 2017.

Ga lissafin. Kashi 18 ɗin nan ba a kan dukkan abin da ke shiga aljihu ake cire shi ba, a mafi ƙaranci a kan gundarin albashi ne da alawus na gida da na sufuri. Idan ukun nan sun kama naira 100,000, to 18,000 ke shiga a wata, 216,000 a shekara. Abin da ka tara da ribarsa shi ne rabonka. Saboda haka kuɗin da ake cire wa matashi ba ya zuwa hannun wani tsoho, kuma tsohon ba ya cin nasa. Masu kawo mana misalin Faransa, inda aka yi ta zanga-zanga a 2023 kan ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, su lura: can masu aiki yau ne ke biyan 'yan fanshon yau. Namu ba haka yake ba.

Hajiya Akanta ta Samaru:
Malam ya faɗi daidai, amma inda ake cutar yaran ba a rubuce yake ba. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya makara akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata. Abin da muke gani shi ne takardar albashi ta nuna an cire, a duba asusu a tarar da giɓin wata takwas, wata goma. Wani lokaci ba sata ba ce: an tura kuɗin a dunƙule ba tare da jadawalin sunaye ba, ko an yi kuskure a lambar asusun, ko mutum ya buɗe asusu biyu a kamfani biyu. Kuɗin da bai shiga ba kuwa ba ya haihuwa. Wata goma na ɗan shekara 28 sun fi wata goma na ɗan shekara 58 tsada, don ribar shekara talatin ce ta tafi.

Ku riƙa karɓar bayanin asusu duk wata uku, ku jera shi da takardar albashi wata bi wata. In akwai giɓi, a rubuta wa ofishin albashi, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. Magana da baki ba ta zama hujja.

Baba na Tudun Jukun:
'Ya'yana, ba a buƙatar doka kafin a rage fansho, barin sa a inda yake ya isa. Sashe na 173 na tsarin mulki, da na 210 ga jihohi, sun ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. An cire tallafin mai a Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Ku zo layin tantancewa ku gani: tsoho da ledar takardu ɗaure da roba, jika na riƙe da hannunsa, a aljihu ga katin asibiti. Kuɗin nan kuma ba shi kaɗai ke ci ba. A cikin birni fanshon mutum ɗaya ne ke sayen masara, ya biya wa jika kuɗin jarrabawa, ya ciyar da ɗan da ya gama jami'a bai sami aiki ba. Ka rage shi, tukunyar matashin ka taɓa.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan tsakiya, da suka fara aiki a tsohon tsari suka ƙare a sabo. Haƙƙinsu na shekarun baya sai gwamnati ta zuba shi a asusun kafin kamfani ya fara biya. In bai shigo ba, mutum sai ya shekara ba albashi ba fansho.

Ɗan Gyallesu:
Allah ya ƙara girma Baba, na gamsu da wannan. To amma dokar 2022 da ta kai ritayar malaman makaranta shekara 65 ko 40 a bakin aiki fa? Farfesoshi kuma 70. Kujerar da ba a tashi ba, ta ina mai sabuwar takarda zai zauna?

Lauya na Sabon Gari:
Wannan ƙorafin yana da tushe, ban musa ba. Shekara biyar ɗin ƙari tana jinkirta ɗaukar wasu, sai dai makarantunmu ƙarancin malamai ke damunsu, ba cunkoso ba. Rashin adalcin da ya fi girma a wajena shi ne wa aka bari a karo-karo, wa aka fitar. An fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri a 2011, ma'aikatan Majalisar Tarayya suka sami tasu hukumar a 2023, 'yan sandan da suka yi ritaya sun yi ta zanga-zangar neman fita a 2025. Ga dokokin fanshon tsofaffin gwamnoni na aikin shekara huɗu ko takwas. Zamfara ta soke tata a 2019 bayan wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta neman naira miliyan 10 a wata ta fito fili. Mai neman inda za a rage ya fara daga nan.

Wani abu da ke wahalar da iyalai: sunan da mamaci ya rubuta a fom ba shi ne magaji ba. Sai an kawo takardar izinin kula da gado daga kotu kafin a saki kuɗin, sannan a raba bisa shari'a. A kuma tambayi inshorar rai ta ma'aikata, ninki uku na albashin shekara ce ga wanda ya rasu yana aiki, kuma marayu da yawa ba su san da ita ba.

Anti ta Wusasa:
Duk maganar nan ta masu albashi ce. Tela a Tudun Wada, mai Keke Napep a Kwangila, mai sayar da hatsi, ba wanda ke cire musu komai, kuma su ne suka fi yawa. Tun 2019 akwai ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar kansu: ka zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako ko wata, da lambar NIN. Masu albashi kuma da ke gudun kuɗin ruwa su nemi kamfanin fansho ya sa su a Asusu na Shida, wanda ake juyawa a sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) da makamantansa; ba a sa mutum sai ya nema a rubuce.

Hajiya Akanta ta Samaru:
Ƙari ga masu shekara ɗaya kafin ritaya. A haɗa takardar kama aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe da shaidar haihuwa, a tabbatar ranar haihuwa da jerin suna ɗaya suke a fayil, a NIN, a banki. "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can, ya isa ya tsayar da biya watanni. Sannan a yi tunani kafin sa hannu: wanda ya zaɓi karɓa wata-wata daga kamfanin fansho zai iya komawa kamfanin inshora ya riƙa biyansa daga baya, amma wanda ya tafi inshora ba ya dawowa.