Me ya sa bakin jaruman Indiya yake zama a kan waƙa, namu kuma yake zamewa?

Ɗan Pantami:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ɗaukar hoto da masu tacewa ce. Duk mai kallon waƙoƙin da ake ɗauka a nan Gombe, musamman na ƙananan finafinai da na YouTube, ya san wannan matsalar: a farkon waƙa bakin jarumi yana kan murya daidai, kafin a kai baiti na biyu ya fara zamewa, murya ta wuce, baki yana binta a baya. Wani lokacin ma tun farko ba su haɗu ba, musamman in an ɗauko jarumin daga nesa, a kan dutse ko a bakin ruwan Dadin Kowa. A fim ɗin Indiya kuwa, har tsofaffin na shekarun 1960, sai ka rantse jarumar ce take rerawa, alhali kowa ya san muryar Lata Mangeshkar ce. Kayan aiki suka fi mu, ko wata hanya suke bi?

Na biyu, ana cewa su har maganganun fim a situdiyo suke sake ɗorawa. In haka ne, ba gara mu ma mu huta da wahalar makirufo a lokeshin ba, tunda janareta da Keke Napep ba sa barin kowa ya ɗauki magana?

Malam Edita, Jekadafari:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kayan aiki ba ne. Kyamarar da ke hannun yaran Gombe a yau ta fi ta 1960 sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Tsari ne, kuma tsohon tsari ne: tun 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata, a fim ɗin Dhoop Chhaon na darakta Nitin Bose, ya fara naɗar waƙa tukuna, sannan a kunna ta a wajen ɗauka ɗan wasa ya bi. Ƙa'idar farko ita ce a gama waƙa gaba ɗaya kafin a kunna kyamara, kuma ba a sake taɓa saurinta. A nan mu kan fara ɓaro aiki. Ana fita lokeshin da gwajin da mawaƙi ya turo ta WhatsApp, bayan an dawo mai kiɗa ya ƙara mata sauri kaɗan ko ya sake rera wani baiti, sannan a miƙa wa edita sabuwar. Babu editan da zai iya haɗa wannan.

Zamewa iri biyu ce, kuma maganinsu daban. Ka duba da kyau wacce ce taka.

Akwai wadda tazararta ba ta canzawa: baki ya makara da firam uku a farko, firam uku a ƙarshe (firam shi ne hoto guda daga cikin jerin hotunan da kyamara take ɗauka a kowane sakan). Wannan yawanci nisa ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya. Idan kana ɗauka a firam 25 a sakan, firam ɗaya daidai yake da tafiyar sauti ta kusan mita 14. To ka ajiye lasifika kusa da kyamara, ka tura jarumi kan dutse mita 40 daga nan, waƙar za ta isa kunnensa ne bayan kusan firam uku. Shi bai yi kuskure ba, abin da ya ji ya bi. Maganin: a ɓoye ƙaramar lasifika kusa da shi, bayan dutse ko cikin ciyawa, ko kuma edita ya ja hoton baya da firam ukun nan. Minti ɗaya ya isa a gyara.

Ta biyu ita ce mai ƙaruwa, wadda ka ce tana fara daidai tana lalacewa. Wannan lissafin firam ne ya saɓa. Kyamarori da yawa suna rubuta 24 a fuska alhali 23.976 suke ɗauka. Bambancin kashi ɗaya ne cikin 1,000, amma in manhajar tacewa ta ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan, a waƙar minti biyar za ka tarar da tazarar kusan firam bakwai a ƙarshe. In kuwa hoton 25 aka tilasta ya gudana a 24, bambancin kashi 4 ne cikin 100, cikin sakan goma baki ya makara da kusan rabin sakan. Ido kuma ba ya yafe wannan. Murya in ta riga baki da abin da ya wuce firam ɗaya mutum ya fara jin wani abu ba daidai ba, ko da bai san mene ne ba. In ta makara ne ya fi jurewa, har wajen firam uku, saboda a rayuwa ma mun saba ganin abu kafin mu ji ƙararsa.

Shawarata a ƙasar nan a tsaya a kan 25, kowace kyamara, har da jirgin ɗaukar hoto na sama, kuma a buɗe aikin tacewa a 25. Wutar lantarkinmu mai juyi 50 a sakan ce, saboda haka firam 25 da shata 1/50, wato tsawon lokacin da kyamara take barin haske ya shiga kowane firam, shi ne ba ya sa fitila ta riƙa ƙyaftawa a hoto. Waƙar kuma a karɓe ta a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, 48 kHz, fayil guda, shi za a kunna a lokeshin, shi za a ɗora a tacewa. A bar makirufon kyamara a kunne ko da ba za a yi amfani da sautinsa ba, don da shi ake jera kowane yanki a kan asalin waƙar.

Anti Darakta, Tudun Wada:

Malam ya gama da lissafi, saura ɓangaren mutum, kuma a ganina shi ne rabin matsalar. Jarumanmu da yawa mamin suke yi da leɓe kawai, ba sa fitar da murya. Kyamara tana ganewa. Mai rera waƙa da gaske jijiyar wuyansa tana motsi, ƙirjinsa yana ɗagawa kafin dogon baiti, yana jan numfashi a inda mawaƙin ya ja. Saboda haka jarumi ya rera da ƙarfi a kan lasifikar, ko muryarsa ba ta da daɗi, ai ba za a ji ta ba. A ba shi waƙar kwana uku ko huɗu kafin ɗauka, a rubuce, da alama a duk inda mawaƙi ya ja numfashi.

Sannan Indiyawa ba sa ɗaukar waƙa daga farko zuwa ƙarshe a tashi ɗaya. Suna raba ta, amshi daban, kowane baiti daban, har layi ɗaya ko biyu a kowane ɗauka. Mai tsara rawa shi ne yake riƙe da wajen a ranakun waƙa, yana ƙirga takwas-takwas, a kunna, a yi layin, a tsaya, a canza wajen kyamara. Waƙa ɗaya kan ci kwanaki. Yanki na sakan shida ba shi da lokacin da zai zame, kuma jarumi ba ya gajiya ya fara cinye kalmomi. Mu kuma sai mu kunna waƙar minti biyar sau uku a wurare uku mu ce an gama. Ku sa mai kiɗa ya yanka muku ita gida-gida, kowane yanki da ƙirgen bugu huɗu a gabansa, don jarumi ya san daidai inda zai shiga.

Wajen duba aiki, ku nemi haruffan da leɓe yake haɗuwa a kansu: b, ɓ, m. In kalmar "masoyi" ta zo, firam ɗin da leɓe ya rufe shi ne farkon sautin. Da su ake gwadawa, ba da wasali ba.

Wani abin da ake yawan tambaya: yadda gyale yake tashi a hankali amma baki yana kan waƙa. Ana ɗauka a firam 50, a kunna waƙar da ninkin saurinta, jarumi ya bi da sauri, in an mayar da hoton 25 komai ya koma daidai. Yana da wuya ga wanda bai haddace ba, don haka a zaɓi layi mai jan wasali, a gwada kafin ranar.

Mai Sauti, Wunti, Bauchi:

Ni tambaya ta biyu zan ɗauka, kuma ƙanena, don Allah kada ka bi wannan shawarar da kake ba kanka.

Gaskiya ne an daɗe ana sake ɗora magana a Indiya, amma ba da haka suka fara ba. Fim ɗinsu na farko mai magana, Alam Ara na Ardeshir Irani a 1931, a wajen ɗauka aka naɗi sautinsa, kuma da yake situdiyon yana kusa da layin dogo a Bombay, cikin dare ake aiki bayan jiragen ƙasa sun lafa. Daga baya da aka koma fita waje da ƙananan kyamarorin Arriflex masu ƙarar inji, sai ɗora murya ya zama al'ada na shekaru da yawa. Italiya ma haka suka yi. A finafinan kaboyi na Sergio Leone kowane ɗan wasa da harshensa yake magana a gaban kyamara, daga baya a ɗora. Amma su waɗannan suna da ɗakunan ɗora murya na musamman, da ƙwararrun da ba su da wata sana'a sai ita, da makonni da aka ware mata a cikin kasafi. Duk da haka Indiyawan da kansu suka fara juyowa: Lagaan na 2001 a can karkarar Kutch ta jihar Gujarat aka naɗi maganganunsa kai tsaye, kuma a 2009 Resul Pookutty ya samu kyautar Oscar ta haɗa sauti da fim ɗin Slumdog Millionaire.

Abin da ke faruwa in mu muka ɗora a ɗakin waƙa sananne ne. Jarumi yana tsakiyar fili a hoto, muryarsa kuma tana manne da kunnenka kamar mai karanta labarai a rediyo, saboda bakinsa yana taku ɗaya da makirufon mawaƙa. Kuka ko faɗan da ya yi a lokeshin ba ya dawowa bayan wata guda. Kuma takun ƙafa, motsin tufafi, ƙarar ƙofa, duk sun tafi, sai an sake ƙirƙirarsu ɗaya bayan ɗaya, abin da kusan ba wanda yake yi a nan.

Hayaniyar lokeshin ana iya rage ta da abubuwa masu araha. Janareta ya koma nesa, mita 50 ko fiye, bayan gini ko katanga, da waya mai kauri don kada wuta ta ragu a hanya. A kashe fanka da firji, a sa mukullin mota a cikin firjin don kada a tafi a manta a kunna wa masu gida. Makirufon sanda ya sauko ta sama, yana kallon baki, tsakanin santimita 30 da 60, daf da gefen hoto. Kusantar nan ta fi kowace manhajar goge hayaniya aiki, domin duk lokacin da ka rage nisa da rabi, ƙarfin murya a kan hayaniya yana ƙaruwa da kusan desibel 6. Lokacin hunturu soso kaɗai ba ya tare iska, sai an sa rigar gashi a kai. A naɗa a 48 kHz, bit 24, murya mafi ƙarfi ta tsaya wajen desibel -12 a ma'aunin na'urar naɗar sauti, don in jarumi ya daka tsawa kada ta fashe. Mai sauti ya sa abin kunne, kuma a ba shi ikon cewa a tsaya. A tsara sin mai dogon zance da sassafe, a kauce wa lokacin kiran sallah da tashin 'yan makaranta.

Kafin a bar kowane waje, kowa ya yi shiru na minti ɗaya a naɗi sautin wajen shi kaɗai. Da shi edita yake cike ramukan da ke tsakanin maganganu. In kuma babur ya ɓata layi biyu, kada a jira situdiyo: a nan take a ja jarumin gefe, ko cikin mota a rufe gilasai, ya maimaita layin sau uku da makirufon nan dai, tun yanayin bai bar jikinsa ba. Mafi yawan lokuta ɗaya daga ciki yana hawa bakin.

Ɗan Pantami:

Allah ya saka da alheri, Malam, Anti, da Yayana na Bauchi. Saura abu biyu. Da yawa a nan da waya suke ɗauka, kuma lasifikar Bluetooth ake kunna waƙar da ita. Ana cewa jinkirin Bluetooth ne yake kawo zamewar. Haka ne?

Malam Edita, Jekadafari:

A'a, an ɗora mata laifin da ba nata ba. Tana da jinkiri, amma jarumi da makirufon kyamara duk abin da ya fito daga lasifikar suke ji a tare, saboda haka in da sautin kyamara ka jera, jinkirin bai shafe ka ba. Aibinta shi ne yankewa in an yi nisa da wayar, ta tsallake ɗan guntu a tsakiyar baiti. Ka haɗa wayar da lasifikar da kebul ɗin jak, ko ka sa waƙar a memori ka cusa a lasifikar kai tsaye.

Wayar ɗaukar hoton ita ce abin tuhuma. Yawancin wayoyi ba sa riƙe adadin firam guda, suna hawa da sauka, musamman in haske ya ragu ko wayar ta yi zafi, kuma a ranar Gombe ta watan Maris ba ta daɗewa take zafi. Wasu manhajojin tacewa suna rikicewa da irin wannan fayil, shi ne kake ganin zamewar tana ƙaruwa. Kafin ka fara tacewa, ka bi da duk fayilolin ta manhajar HandBrake mai sauya tsarin fayil ɗin bidiyo, kyauta ce, ka zaɓi 25, ka kuma zaɓi a tsayar da adadin firam ba mai sauyawa ba, ka sa inganci sama don kada hoton ya lalace. In wayar ta yarda, ka ɗauka da manhajar Blackmagic Camera ko makamanciyarta, ka kulle firam a 25 da shata a 1/50 tun daga farko. Da rana hoton zai yi fari fat a wannan shatar, sai ka sa wa wayar gilashin rage haske, wanda ake kira ND, mai ɗan maƙali. Tsakanin ɗauka da ɗauka ka cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa.