Shin labaran taurari su ne fina-finan mutanen da?

Malamin firamare, ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. A makon jiya injin mai cajin ƙauyenmu ya lalace, wayar ɗana ta mutu, sai muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i. Da yake hazo ya lafa a daren, na nuna masa Kaza da 'Ya'yanta kamar yadda kakata ta nuna mini ina yaro. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce shi bai ga kaza ba, ɗigo-ɗigo kawai ya gani. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Tambayata ga masana ita ce, mutanen da suka riƙa ganin dabbobi da mafarauta a sararin sama, shin nishaɗi suke nema kamar yadda muke kallon fim a waya, ko abin ya wuce haka?

Tsohon malamin sakandare, Gumel:

Wa alaikumus salam, Malam. Yaronka bai yi ƙarya ba, domin babu kaza a sama, mai kallo ne yake zuwa da ita daga gidansu. Taurarin da Bahaushe ya kira Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa Surayya suke ce musu, Girkawa kuwa sun ɗauke su 'yan mata bakwai 'yan gida ɗaya waɗanda wani mafarauci mai suna Oriyon yake bi. Haka nan taurari bakwai na arewa: Girkawa sun sanya su cikin siffar wata babbar dabbar daji, Larabawa suka ga makara da 'yan mata uku suna biye da ita, suka kira su Banatu Na'ash, Buzaye kuma suka ga taguwa. Kowa abin da ya saba gani da rana ya ɗora a kan abin da ya gani da dare. Daga baya masana suka tattara siffofin: Baɗlamus ya lissafa 48 a Iskandariyya wajen shekara ta 150 Miladiyya, Abdurrahman as-Sufi ya zana su a littafinsa a 964, yau kuma masana taurari sun tsaya a kan 88. A ganina bambancin yana nan: a fim an riga an gama maka hoton, da fuska da kaya da murya, amma a sama ɗigo kaɗan aka ba ka, sauran aikin na zuciyarka ne.

Manomi, Ɗambatta:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni ban yarda a kira abin nan nishaɗi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya zuba iri don an yi ruwa ɗaya, sai ya tambayi malamin unguwa wane tauraro ake ciki. Taurarin lissafi 28 ne, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365, kuma da su ake sanin shigowar damina da kaka da sanyi da bazara. Ba ana cewa tauraro ne yake saukar da ruwa ba, wannan addini ya hana, ruwa na Allah ne. Alama ce kawai ta lokaci. Mutanen Masar na da ma da fitowar tauraron Shi'ira kafin hudowar rana suke gane cewa ambaliyar kogin Nilu ta kusa, kuma sunan tauraron nan ya zo a Suratun Najmi. Saboda haka siffar kaza ko ta raƙumi hanya ce ta riƙe ilimi a ka ga mutanen da ba su da kalanda a bango. Wanda ya manta fim bai rasa komai ba, wanda ya kuskure lokacin shuka kuwa rumbunsa ne zai faɗa masa.

Malamar Islamiyya, Kazaure:

Iyayena maza, ku yi mini izini in ƙara abu ɗaya. Ba na ganin laifin wayar ita kaɗai, domin na sha ganin yara shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna muhawara a kan labarin, kamar yadda muke yi a dandali idan an ce ga ta nan ga ta nanku. Abin da ya ragu shi ne mai ba da labarin. Mu kaka ce take nuna mana Zara matar wata, muna tambaya tana amsawa, fim kuwa ba ya jin tambayar yaro. Sannan, Malam, ido yana buƙatar kamar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya fara ganin ƙananan taurari, kuma hasken waya ko na tocila yana mayar da shi baya. Ka sake fitar da yaron a daren da babu farin wata, ku zauna rabin sa'a ba haske, kada ka ce masa kaza ce, ka tambaye shi me ya gani.