Wace kalma za mu sa wa "bhasma" da Hausa?

'Yan'uwa, ina fassara wani bayani kan Ayurbeda, maganin gargajiyar Indiya, sai kalmar "bhasma" ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ga yadda ake yin ta. A ɗauko baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe ko zinariya, a gasa ya yi jajir, a tsoma a man riɗi, a sake gasawa a tsoma a fitsarin saniya. Sai a niƙa da ruwan ganyayyaki, a yi ƙananan curi, a rufe tsakanin kasko biyu, a liƙe bakin da yumɓu, a binne cikin busasshen kashin shanu a cinna wuta. A maimaita, wani lokaci sau gommai. Alamar cewa ta yi ita ce: in ka murza garin ya shige zanen yatsanka, in ka barbaɗa a ruwa ya yi ta yawo a sama.

Wani malamina ya ce "tokar ƙarfe". Ta yi daɗin faɗa, Malam, amma ta yi kaɗan, don har wuri (na kuɗin dā) da lu'ulu'u ana ƙonawa a yi bhasma da su.

Wata yayata ta kawo "tokar magani". Nan na ƙi sam. Yaya, Bahaushe in ya ji toka, ruwan tokar miyar kuka yake tunawa, abin da ba ya cutar da kowa. A 2008 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken magungunan Ayurbeda da aka saya ta intanet: kusan ɗaya cikin biyar na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asinik, abin kuma ya fi yawa a irin waɗanda ake haɗawa da ƙarafa. Masu sana'ar sun ce tsomawar da ƙunar suna kashe dafin; awon ɗakin gwaji ya samu dalmar tana nan. Mu da muka ga ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ba ma yi wa wannan abu lulluɓi ba.

Ni dai na tsaya a kan "tokar ma'adini". Wuri ba ma'adini ba ne sosai, na yarda, amma kalmar tana gaya wa mai sha cewa ba saiwa ba ce. In an san tushen, a kira sunansa kai tsaye: tokar zinariya, tokar jan ƙarfe, tokar wuri.

Saura "rasa shastra", wato ilmin haɗa irin waɗannan magunguna, wanda zaiba da farar wuta ne ginshiƙinsa. Na rubuta "ilmin haɗa maganin ma'adini", amma ya yi mini tsawo. Mai gajeriya ya taimaka.