Kira na tsinkewa in na miƙa wa wani, layinmu kuma kullum a cike

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min, kaina ya ɗau zafi. Ni ce a teburin karɓar baƙi a ofishinmu, wayoyin tebur 12 gare mu, lambobin ciki daga 101 zuwa 112. Wanda ya haɗa mana su ya bar aiki, dama shi ba ya rubuta komai, da aka ce ya koya min cewa ya yi abin ba wuya, yanzu ko an kira shi ba ya ɗagawa, oga kuwa ni yake tuhuma. FreePBX, wato manhajar da ke haɗa wayoyin, na ga an rubuta a shafin da ake sarrafa su. In na miƙa kira ga wani sai ya tsinke, masu kiranmu kuma suna cewa da rana ba sa samun shiga. Na sa kiran mutum uku yana wucewa wayarsu ta hannu saboda yawan fitarsu. Ya zan yi kafin Litinin?

Injiniya Bala: Wa'alaikumussalam. Hajiya, kira nawa layinku ke ɗauka lokaci guda? Kuma me kike dannawa wajen miƙawa?

Maman Ilham: Huɗu aka rubuta a takarda. ## nake dannawa sannan lambar mutum.

Injiniya Bala: To ga ciwon nan. Duk kiran da ya shigo aka tura shi wayar hannu hanya biyu yake ci, ta shigowa da ta fita. Biyu daga cikin mutanen nan suna kan waya, huɗun sun ƙare. Ki danna *73 a wayoyin tebur ɗinsu ki cire turawar. A sa musu manhajar SIP, wato ta kira ta intanet, a wayar hannu da lambarsu ta ciki, hanya ɗaya kawai kiran zai ci. Ita kuma ## jefa kiran take yi ta sallame ki. In mutumin bai ɗaga ba, kuma ba a buɗe masa akwatin saƙon murya ba, kiran ya mutu. Ki koma *2: ki yi magana da shi tukuna, in ya amsa ki ajiye. A danna *79 a kowace waya, wataƙila wani ya kunna hana shigowar kira ya manta.

Sadiq: Ranka ya daɗe, ni rauta, na'urar da ke raba intanet, nake zargi. A kashe SIP ALG kawai, wani saiti ne a cikinta da ke shiga tsakanin kiran intanet. Masu haɗa wayoyin nan haka suke, su bar shi a kunne, su riƙe kalmar sirri, su ɓace. Abin na ci min rai wallahi.

Injiniya Bala: Malam Sadiq, ALG murya yake ɗaukewa ta gefe ɗaya, ko ya yanke kira bayan kamar daƙiƙa 30. Ba ya cika layi.

Anti Rabi: 'Yar'uwa, a buɗe miki layin jira, mai kira ya ji sanarwa har ki gama. Sannan a duba intanet ɗin, kira ɗaya a tsarin murya na G.711 kusan 87 kbps na ƙarfin intanet yake ci kowane gefe. Mu masu karɓar kira kullum mu ake ɗora wa laifi, ba a tambayar wanda ya sayo kayan.

Injiniya Bala: Wanda ke jira ma hanya ɗaya ya riƙe, Anti. Kira huɗu kuwa ko 400 kbps ba su kai ba. Ko a cire turawar, ko a ƙara hanyoyi zuwa 8.

Maman Ilham: Injiniya, turawar nan umarnin oga ne, kuma ta yi mana amfani, ba zan iya cirewa ba. *2 kuma tana ɗaukar lokaci ga mutane a gabana. Ƙarin hanyoyi ba zai yarda ba. Malam Sadiq, a ina ake samun ALG ɗin?

Sadiq: Wace irin rauta ce? Kina da kalmar sirrinta?

Maman Ilham: Tana wajen wancan mutumin.