16S ya ba da kashi 99.1, amma halayenta sun bambanta: sabon nau'i ce ko kuwa?

Ɗalibar Teku:

Assalamu alaikum malamai. Akwai wata bakteriya da ta tsiro daga ruwan teku a kan Marine Agar 2216 (abincin tsirar da bakteriyar teku a faranti), a zafin digiri 28. Launinta ruwan ɗorawa ne. An karanta 16S ɗinta (sashen DNA da ake kwatanta bakteriya da shi) da firaima 27F da 1492R (guntayen DNA da ake fara kwafin sashen da su), aka samu tsawon harufan DNA kimanin 1,400, kuma rumbun bayanai na EzBioCloud ya nuna kamanninta da wani sanannen nau'in Pseudoalteromonas ya kai kashi 99.1 cikin 100. To amma wancan an bayyana shi ba shi da launi, kuma yana narkar da sitaci, wannan kuwa ba ta yi. Tunda lissafin ya haura 98.7, ma'aunin da ake raba nau'i da nau'i da shi a 16S, haƙura za a yi, ko da sauran magana?

Malamin Bakteriya:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura tukuna. Ma'aunin 98.7 ta gefe guda yake aiki: idan kamanni ya gaza haka, akwai kyakkyawan zaton sabon nau'i ne, amma idan ya haura bai tabbatar da komai ba. A dangin Pseudoalteromonas da Vibrio da Alteromonas, nau'o'i mabambanta kan yi kama a 16S fiye da kashi 99.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki tabbatar iri ɗaya ne a farantin. Ki ɗauki ɗigon tsiro guda ki sake shimfiɗa shi aƙalla sau uku. Bakteriyar teku masu yauƙi kan ɗauko wata ƙarama a jikinsu wadda ba ta bayyana sai bayan mako guda, kuma ita ce ke ɓata sakamako daga baya.

Daga nan a karanta jenom ɗin, wato dukkan DNA ɗinta, gaba ɗaya, zurfin karatun ya kai ninki 50 ko fiye. Ki duba ingancinsa da manhajar CheckM: cikarsa ta haura kashi 90, gurɓatarsa ta gaza kashi 5. Ki ciro 16S daga cikinsa ki kwatanta da na farko. Idan ba su dace ba, an musanya kwalba a hanya. Sai ki lissafa ANI da dDDH, ma'aunai biyu na kamannin jenom da jenom, na biyun a shafin TYGS na DSMZ, ma'ajiyar ƙwayoyin halitta ta Jamus. ANI ƙasa da 95 tare da dDDH ƙasa da 70 shi ne hujjar sabon nau'i. Amma fa kwatancen da irin asali na kowane nau'i ake yi, wato irin da aka ajiye a matsayin wakilin nau'in a hukumance, ba da duk jenom ɗin da aka laƙaba wa suna a rumbun bayanai na GenBank ba, don sunaye da yawa a can kuskure ne.

Mai Faranti:

Na yarda da Malam, sai dai ni batun launi da sitacin nan ne bai kwanta mini ba. Malama, da bayanin takarda kika kwatanta, ko da irin asalin a hannunki? Launi yana sauyawa da abincin da aka tsirar da ita, da zafi, da daɗewar faranti. Dole a sayo irin asalin a tsirar da su gefe da gefe, rana ɗaya, abinci ɗaya. Haka ma gwajin sinadaran kitse na jikin ƙwayar: idan abinci ko lokacin girbi ya bambanta, lambobin ba sa kwatantuwa.

Gishiri kuma shi ne tarkon da ya fi kama mutane. API 20NE da API ZYM, kayan gwaji masu ƙananan ramuka da ke nuna abin da bakteriya ke iya sarrafawa, don ƙwayoyin asibiti aka tsara su. Idan kika jiƙa bakteriyarki a ruwan gishiri na kashi 0.85, tana iya yin shiru a kowane rami, ki rubuta ba ta iya ba alhali gishiri ne bai ishe ta ba. Ki ɗaga shi zuwa kashi 2 ko 3, ko ki yi amfani da ruwan teku na haɗi. Farantin sitacin ma haka. A rinin Gram, wanda ke raba bakteriya gida biyu, kada ki dama ta a tataccen ruwa, fashewa take yi. Ki ƙara da gwajin sinadarin KOH na kashi 3 don tabbatar da sakamakon rinin. Don gane ko sodiyam take buƙata da kansa, ki musanya NaCl (gishirin sodiyam) da KCl (gishirin fotashiyam) ki ga ko za ta tsiro.

Malamin Bakteriya:

Gaskiya ne. Ƙari ɗaya: tun yau ki adana ta a gilisarol kashi 20 a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kwalabe da yawa. Yawan sake shuka a faranti kan kashe ta ko ya sauya ta.

Idan hujja ta cika, suna ba ya tabbata sai an ajiye irin a ma'ajiyoyi biyu a ƙasashe biyu, misali DSMZ a Jamus da KCTC a Koriya ta Kudu ko JCM a Japan, an karɓi takardun shaida, sannan sunan ya fito a mujallar IJSEM ko a jerin tantancewarta. Ma'ajiyoyin za su nemi izinin ƙasar da aka ɗebo ruwan bisa Yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittun ƙasashe, kuma wannan kan ci watanni, don haka ki fara nema da wuri. Ki duba LPSN, jerin sunayen bakteriya, kada sunan da kika zaɓa ya zama an riga an yi amfani da shi. Idan kuma ANI ya faɗo tsakanin 95 da 96, kawo mana lambobin dDDH da bishiyar jenom mai nuna dangantakarsu mu duba tare.